Sanyi da asuba, zafi da rana, ga kuma ruwa: wai wane lokaci muke ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gajiya, ina iyali. Daga nan Tahoua nike rubuto maka, wallahi satin nan garin ya rikita mu. Litinin da asuba sai da na jawo bargo, da azahar kuma zafi kamar muna Afrilu, ran Laraba da la'asar sai ga hadari daga gabas, ruwa ya sauka bisa damman hatsinmu da ke jibge a gona ba mu kai rumbu ba, harawa duk ta jiƙe, washegari kuma ƙura ta rufe gari. Yanzu yarana biyu na majina da tari, ƙaramar har da zafin jiki, tsohuwata ta ce canjin iska ne a ba ta jiƙo. Ruwa ƙarshen Oktoba Malam, mi ke faruwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba yaran lafiya. Iska biyu ne ke kokawa bisa kanku. Akwai ta damana mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, akwai hunturu busasshe da ke gangarowa daga Sahara. Inda suke haɗuwa masu meteyo na ce mishi FIT, su AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da ke Yamai, bin sawunshi suke. A Agusta layin nan har gaba da Agadez yake kaiwa, Oktoba kuma sai ya juyo kudu, amma fa ba ya tafiya kai tsaye, kamar saniyar da ake ja zuwa kasuwa ne, ta yi gaba ta turje ta dawo baya. Ran Laraba baya ya dawo, shi ne kuka sha ruwa.

Sanyin asuba kuwa, in iska ta bushe babu gajimare da zai rufe sama, zafin da ƙasa ta sha da rana duk cikin dare yake tserewa. Shi ya sa a Nuwamba nan Tahoua za ka ga wajen digiri 35 da rana, da asuba ya faɗo kusan 20, kuma wannan somin taɓi ne, Disamba na tafe.

Hatsin nan shi ya fi damuna. Kar ka ga rana ta fito saman dami ya bushe ka ce shikenan, kwance su, ka cusa hannu tsakiyar zangarniya, in ka ji ɗumi ko sanyin laima to a baza a shanya kwana biyu uku kafin rumbu, in ba haka ba hunhuna zai yi, tuwonshi ma warin ruma. Harawa a ɗora bisa rumfa a riƙa juyawa kafin ta yi baƙi, kuɗi ce in rani ya yi nisa.

Ita kuma ƙaramar, a gaida Inna da kyau amma jiƙo ya dakata tukuna. Ruwa bai ƙafe a tabkuna ba, sauro na nan daram, kuma yanzu ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara ana cewa mura ce. Ka kai ta CSI, wato ƙaramin asibiti, yau ɗin nan a ɗiga jini a yatsa, gwajin bai wuce minti 15 ko 20 ba. Kar ku naɗe gidan sauro wai don an fara sanyi, wankan yara kuma a bari sai rana ta ɗaga.