Motata mai turbo ta rage ƙarfi: yaya zan gano inda iska ke yoyo?

Tambaya: Malam, ni direba ne a Mabera, Sakkwato. Motata mai shan gas ce, wato dizal, tana da turbo. Kwanan nan a hanyar Gusau, in na taka totur sai ta yi nauyi, ga baƙin hayaƙi, ga wani huci daga gaba. An ce in canza turbo. Akwai yadda zan tabbatar kafin in kashe kuɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar sayen turbo. Alamun da ka faɗa sun fi kama da yoyon iska. Turbo na matsa iska ne ta bi tiyo ta shiga intakula, wato na'urar sanyaya iska, ta huce, sannan ta isa inji. In tiyo ya tsage ko kilif ya saki, iskar sai ta zube a hanya, mai ya fi iska yawa, hayaƙi ya yi baƙi. A garinmu kuwa, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, roba ba ta daɗewa ba ta bushe ba. Yana yi mini ciwo in ga an cire turbo mai lafiya saboda tiyo ɗaya.

Gwajin shi ne ka toshe bakin tiyo, ka hura iska a ciki, ka ga inda take fita. Abin gwajin da hannunka za ka haɗa shi. Auna faɗin tiyon da ke shiga bakin turbo, ka je wajen masu kayan famfo ka sayi marfin bututun roba mai kauri daidai wannan faɗin. Huda tsakiyarsa, ka sa bawul ɗin taya irin na tubles, mai faci zai ba ka. In da hali, ƙara huji na biyu ka ɗaura gejin auna matsin iska.

Kashe mota, bari ta huce. Cire tiyon daga akwatin matatar iska, ka bar na'urar auna iska a waje, ka cusa marfin ka ɗaure kilif tamau. Buɗe marfin zuba baƙin mai, don kada iska ta taru a cikin inji ta ture sil.

Yanzu za ka hura iska ta bawul ɗin tayar, kuma nan ne nake son ka natsu. Kwamfuresar mai faci na iya tara fiye da psi 100 (psi ma'aunin matsin iska ne), wanda zai fasa maka abin da ba a fashe yake ba. Fara da psi 5, ka hau a hankali zuwa 10 ko 15, wato kusan bar 1. Kada ka wuce abin da turbon motarka ke bayarwa. Famfon taya na ƙafa ma ya fi mini kwanciyar hankali. Kuma kada kowa ya tsaya saitin marfin da ka cusa a tiyo, domin in ya kuɓuce fitowa yake kamar dutse daga majajjawa.

Sai ka kasa kunne. Kaɗa ruwan omo ka fesa a kowace mahaɗar tiyo, da gefunan intakula, da ƙananan tiyo. Inda kumfa ta tashi, nan ne ramin. Ka laluba ƙarƙashin tiyo da hannu, can tsaga ta fi ɓuya, galibi inda ka ga danshin mai ya kama ƙura.

Geji zai riƙa sauka a hankali ko da babu yoyo, saboda wata iskar na bi ta bawulolin inji. In ya faɗi nan take ne akwai matsala. Ka gyara, ka sake gwadawa, don babban rami kan ɓoye ƙarami. In komai ya riƙe iska amma mota ba ta farfaɗo ba, sannan bakanike ya duba turbon kansa.