Jan bado a akwatin kifi na gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da akwatin kifi na gilashi a falona a Birnin Kebbi, mai cin kamar lita 80. Na gaji da ciyawar roba, ina son tsiro mai rai, mai launi, wanda ba zai ba ni wahala ba. Wane za ku ba ni shawara, kuma zai jure zafinmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki nemi jan bado, wanda masu sayar da kifin ado ke kira red tiger lotus. Ɗan'uwan badon da ke cika fadamun Argungu da Yawuri ne bayan damina, duka jinsin Nymphaea lotus, sai dai wannan ganyensa ja ne mai ɗigo-ɗigo masu duhu. Tsiron Afirka ne, ya saba da ruwan ɗumi, kuma a ganina babu jan tsiron da ya kai shi haƙuri da mai koyo.

Ƙwaya za a sayar miki, wato dunƙulen gindinsa mai kama da ƙaramin dankali, ko ɗan tsiro mai saiwa. Ki matsa ƙwayar da yatsa: in ta yi taushi ko tana wari, ta ruɓe. Wajen shuka ne yawancin mutane ke kashe shi, domin suna binne ta gaba ɗaya kamar dankali. Ki ɗora ta bisa yashi, ki ɗan danna kashi ɗaya cikin uku ya nutse, sauran ya tsaya a waje. Saiwoyin da kansu za su nemi ƙasa.

Ta saiwa yake ci, don haka ki tura ƙwayar taki ta akwatin kifi cikin yashi kusa da shi duk bayan wata biyu zuwa uku. Don Allah kada a sa masa takin gona, ko yuriya ko NPK. Ammoniya da ke fita daga irin wannan taki tana kashe kifi.

Ga inda kyan nasa yake. Bado burinsa ya kai saman ruwa. Da zarar kin bar ganye ɗaya ya hau, sauran za su bi shi, su shimfiɗe su rufe haske, ƙasa ta koma dogayen kara babu ado. Duk ganyen da kika ga ya miƙe da sauri yana neman sama, ki yanke shi daga gindi da almakashi. In kika dage, zai tsaya gajere, ya yi cunkus da jan ganye. Mai son ganin fure kuwa sai ya bar su su hau. Farin fure ne, da dare yake buɗewa.

Haske awa 6 zuwa 8 a rana ya isa, ƙaramar fitilar LED mai aiki da sola za ta wadatar in wuta ba ta tsayawa. Kada ki kai akwatin bakin taga, rana za ta haifar da gansakuka ta kuma dafa ruwan.

Batun zafi, ya fi jin daɗin maki 22 zuwa 28 a ma'aunin Selsiyos. A bazara, Maris zuwa Mayu, ki buɗe murfin, ki sa ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwa, ki riƙa cika abin da ya ƙafe. Kifin ma ya fi tsiron buƙatar haka. In ya zubar da ganye da hunturu, kada ki jefar da ƙwayar muddin tana da tauri, hutawa take yi.

Ki canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe sinadarin kulorin ya fice. Ƙananan kifaye irin su guppy da molly suna zama lafiya da shi, amma karfasa da goldfish za su tone shi su cinye ganyen.

Kada kuma a aiki yara su ciro miki bado daga fadama. Ƙananan dodon koɗi da ke manne da shi na iya ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke shiga jiki ta fata.