Tambaya da Amsa: Duba Lissafin Madauki a Da'irar Wutar AC

Tambaya: Malam, an ba mu aikin gida kan da'ira mai madauki biyu. A na farko akwai tushen wuta na bolt 12 da rizisto mai om 2, a na biyu akwai rizisto mai om 2 da kwayil mai om j4, sai kafasito mai om −j2 a reshen da ke tsakaninsu (j na nufin √−1). Na ɗauki I1 da I2 a matsayin karan, wato wutar da ke gudana, a madauki na farko da na biyu. Na rubuta (2 − j2)I1 + j2I2 = 12 da kuma −j2I1 + (2 + j2)I2 = 0, na samu I1 = 6 + j6, I2 = j6. Yaya zan tabbatar da amsata kafin in miƙa? Ɗalibin injiniyan lantarki, Kaduna.

Amsa: Ɗana, da'irar da kanta za ta faɗa maka gaskiya idan ka auna ƙarfin da ke shiga da wanda ke fita, domin kwayil da kafasito ba sa cinye wat ko ɗaya, ajiyewa suke yi su mayar. Bisa amsarka, tushen wuta ya bayar da wat 72, alhali rizistocin biyu sun cinye 144 da 72, jimilla 216, wanda ba zai taɓa yiwuwa ba.

Kuskuren yana cikin layi na biyu. Muddin ka juya karan ɗin madaukan biyu ta fuska ɗaya, kuma babu tushen da ya dogara da wani karan, to dole abin da ke gaban I2 a layin farko ya zama daidai da abin da ke gaban I1 a layi na biyu. Kai kuwa ka sa +j2 a sama, −j2 a ƙasa. Dokar Kirchhoff, wadda ke cewa jimillar bolt a zagayen madauki sifili ce, ta ce a debe −j2, debe shi kuma yana ba da +j2. A nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe.

Idan ka gyara, za ka samu I1 = 2 + j2, I2 = −j2. Tushen ya bayar da wat 24, rizistoci sun cinye 16 da 8. Amma kada ka tsaya a nan, domin da ka juya alamar a layukan biyu, awon wat zai yi daidai duk da I2 ya kifa. Saboda haka ka lissafa karan ɗin kafasito, I1 − I2 = 2 + j4, ka zagaya madauki na farko: bolt 4 + j4 a rizisto da 8 − j4 a kafasito su ba ka 12 cif.