An ce in sallami ma'aikata biyu saboda lissafin kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ke kula da ma'aikata goma masu karɓar koke-koken abokan ciniki a Kaduna. Wani mai ba da shawara ya kwaikwayi aikinmu a kwamfuta, ya ce kashi 80 cikin 100 na lokacinsu kaɗai suke aiki, don haka a sallami biyu. Ina tsoron ragowar su gaji su watse.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoronki yana kan hanya, kuma lissafin da ya kawo miki ma ya isa hujja a kansa. Aikin mutum takwas ne ake raba wa goma, idan aka sallami biyu kowa zai cika maƙil, ba sauran sarari. Tunda koke ba ya zuwa a jere kamar awon hatsi, wata ranar tsit, wata ranar tururuwa, layin da ya taru ba zai samu lokacin raguwa ba.

Wannan kuskure na ɗaukar sararin ma'aikaci a matsayin asara shi nake fama da shi kullum, har na gaji da maimaitawa. Lissafin layin jira da masanin lissafi John Kingman ya fitar a 1961 ya nuna cewa ga ma'aikaci guda, ma'aunin tsawon jira yana tashi daga 4 idan yana aiki kashi 80 na lokacinsa, zuwa 9 a kashi 90, zuwa 19 a kashi 95. Masu yawo da zane-zane masu launi a ofisoshi ba sa faɗin haka, domin manhajarsu tana ɗaukar ɗan Adam tamkar injin niƙa wanda ba ya ciwon kai, ba ya zuwa jana'iza, ba ya neman wani aikin. Game da gajiya kuwa, binciken masanin tattalin arziki John Pencavel na 2014 kan ma'aikatan masana'antar makamai a Birtaniya lokacin yaƙin duniya na ɗaya ya gano cewa abin da aka samar a awa 70 a mako bai ɗara na awa 56 da wani abin kirki ba.

Ki tambaye shi ko ya sanya gajiya a cikin lissafinsa: yadda take haifar da kurakurai, kurakuran su dawo a sake yin su, gogaggu su ajiye aiki, ragowar kuma su ɓata makonni suna koya wa sabon ɗauka. Sannan ki miƙa masa bayanan hutun rashin lafiya da na masu murabus na shekara biyu da suka wuce. Idan manhajar ta kasa fitar da abin da ya riga ya faru a ofishinki, kada ki sa hannu a takardar sallamar kowa.