Masara Mai Launin Lemo: Gyara Ce Ko Ɓarna?

TAMBAYA: Malam don Allah wai gaskiya ne akwai masarar da ke maganin dundumi? Yarona da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango, mu kuma nan Gadarif kullum kisra ce da asida. Daga wata uwa, Sudan.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Fara kai shi asibiti tukuna, dundumi yawanci ƙarancin bitamin A ne, kuma akwai ƙwayar da ake ba yara.

Batun masarar kuwa gaskiya ne, ba rini aka zuba mata ba. Masana ne suka yi ta auratayya tsakanin iri da iri har aka samu mai launin lemo, wannan launin shi jiki ke juyawa ya koma bitamin A. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi wannan aikin, rogo mai rawaya ma tun 2011 aka fitar da shi a Najeriya. Dawa dai, wadda ake yin kisra da asida da ita, tana cika ciki amma ta wannan fannin ba ta da wani abin kirki gaskiya.

Kafin irin ya iso hannunki, ga kabewa, ga mangwaro, ga zogale, ki ɗan sa mai a miyar don sai da maiƙo jiki ke ɗaukar bitamin A sosai.