Tana jin warin ƙuna kafin ta fita hayyacinta: aljanu ne ko ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, ƙanwata takan ji warin ƙuna, tsoro ya kama ta, sai ta ƙura ido tana motsa leɓe, ba ta amsa kira. Asibiti sun ce farfaɗiya ce, alhali ba ta faɗuwa. Wani mai magani ya ce aljanu ne, mu daina ba ta ƙwayoyi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Kada ku tsayar da maganin nan, ko na yini ɗaya.

Ba kowace farfaɗiya ke kayar da mutum ba. Alamun da kika lissafa sun dace da wadda ke tasowa daga sashen ƙwaƙwalwa na daidai kunne, mai kula da wari, tsoro da tunawa. Wilder Penfield, likitan tiyata a Montreal ta Kanada, yakan taɓa wannan wuri da ɗan lantarki majinyaci na farke, sai mutum ya ji murya ko kiɗa, alhali babu mai yi a ɗakin. Duk da haka, a ƙarshen rayuwarsa Penfield ya ce aikin ƙwaƙwalwa kaɗai bai isa ya bayyana hankalin ɗan Adam ba. Ruhi kuwa, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta ce al'amarin Ubangiji ne, kuma babu na'urar da ta taɓa auna shi.

Abin da ke ƙona min rai kullum shi ne maganar nan ta "ciwon iska ba ya son maganin asibiti". Wa ya faɗa? Da wace hujja? Yanke magani farat ɗaya yana iya jawo farfaɗiyar da ba ta tsayawa, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa, har ta yi kisa. Sai an tsare yarinya a ɗaki ana mata hayaƙi, wani lokacin har da bulala, sannan a kawo mana ita ta ciji harshe, numfashi sama-sama, mai maganin kuma ya yi ɓatan dabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da tashinta in sun samu magani daidai. Wanda ya raba ƙanwarki da wannan dama ya ji tsoron Allah.

Ku yi addu'a, ku yi mata karatu, tana shan maganinta a kan lokaci. In ciwon ya tashi, ku ɗauki bidiyonsa a waya ku nuna wa likitanta. Idan ta faɗi, ku kwantar da ita a kan gefen jikinta, kada ku sa mata komai a baki, in kuma ya wuce minti 5 ku garzaya asibiti.