Ɗaukar hoton tsaunukan Shafa

Ɗan'uwa, ka ce daga Makka ka hau Shafa, tsaunukan nan na kusa da birnin Ɗa'ifa a Saudiyya, da jaka a baya, amma hotunanka sun fito fayau, tsaunukan duk sun haɗe. Laifin lokaci ne, kyamararka lafiya lau take. Da tsakar rana haske daga sama yake sauka, babu inuwar da za ta raba tudu da kwari.

Ka kwana a can, ka fito bayan sallar asuba. A lokacin sau da yawa hazo na kwance cikin kwaruruka, rana na bugun itatuwan ar'ar (itatuwan tsauni masu kore duk shekara) ta gefe, kowane tudu ya fita daban da na bayansa. Ka sa wani abu a gaba, ko itace ɗaya ko katangar dutse ta gona, don ido ya samu wurin farawa. Shafa ta haura mita 2,000, sai ka riƙe rigar sanyi, batir kuma ka ajiye a aljihun ƙirji domin sanyi na shanye shi.

Ni na fi son Maris da Afrilu, lokacin tsinkar wardi a Ɗa'ifa. A hanyar Hada kuma, wadda ke hawa daga Makka zuwa Ɗa'ifa, kada ka buɗe jaka kusa da birai, fizgewa suke yi.